ABIN DA KE JAWO WA SABON MAWALLAFI DA-NA-SANI

Maganarmu ta yau a kan wani ciwo ne wanda ba a cika jin labarinsa a bainar jama'a ba, domin wanda ya same shi kunya takan rufe masa baki. Watau ciwon mutumin da ya wallafa littafinsa na fari, ya miƙa shi ga wanda bai cancanta ba don a buga, daga baya ya zauna yana cizon yatsa.

Wannan ƙasa tamu ba baƙuwar alƙalami ba ce. A Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa har ya rasu a 1829. Babbar makarantar koyon sana'a ta Tarayya da ke Birnin Kebbi kuwa sunan Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa aka sa mata, mutumin da aka sani da ilimi da waƙa. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi a 2013, masu riƙon alƙalami sai daɗa yawa suke yi. In ka bi unguwa irin ta Gesse gida gida, da wuya ka rasa malamin da ya ajiye fassarar wani littafin fiƙihu a gafaka, ko tsohon ma'aikaci mai tarihin garinsu cikin akwati, ko uwargida mai labarin da ta rubuta tsakanin girki da reno. Kowannensu burinsa ya ga sunansa a bangon littafi. Amma manyan gidajen bugu suna nesa, suna Zariya da Kaduna da Kano da Badun da Ikko, saboda haka tilas mutum ya ba da kayansa ga wanda idonsa ba ya kansa. Daga nan ne matsalar take tasowa.

KWAFIN HANNU DA BUGUN INJI

A zamanin da, mawallafi ba ya bukatar kowa sai almajiransa. In ya gama littafi ya karanta musu, su kwafa a kan takardar nan mai alamar wata uku wadda fatake ke kawowa daga Tarabulus, sa'an nan a yi muƙabala, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana duban kwafi, har a tabbata ba a tsallake layi ba. Littafi yakan yi tafiyar hawainiya, amma yana tafe da sunan mai shi da izininsa. In mai kwafi ya yi kuskure, a kwafi guda kuskuren ya tsaya, malami na gaba kuma ya gyara a gefen shafi. Ta haka tafsirin Malam Abdullahi, Liya'ut Ta'awili, ya zauna a hannun malamai, ba a buga shi da inji ba sai a 1961 a Alƙahira, shekara 132 bayan rasuwar mai shi, bai kuwa ɓace ba.

Inji ya zo da alheri mai yawa, ba mai musu. Littafin da dā sai almajiri ya yi wata uku yana kwafa, yanzu ana samunsa da kuɗin kwanon hatsi. Amma ya shigo da mutum na uku tsakanin mawallafi da mai karatu, mutumin da asali ke hannunsa, da farantan bugu, da lissafin kwafi nawa aka fitar. In amintacce ne, madalla. In ba haka ba, duk wahalar shekaru ta shiga aljihun wani.

MAI INJI DABAN, MAI FITAR DA LITTAFI DABAN

Abu na farko da ke ruɗa sabon mawallafi shi ne ɗaukar mutum biyu a matsayin mutum ɗaya. Akwai mai inji, wanda aikinsa kamar na maɗinki ne: ka kawo ƙyalle, ka biya lada, ya ɗinka, ka kwashi rigunanka ka tafi, sayarwa kuma ruwanka. Akwai kuma mai fitar da littafi, wanda Larabawa ke kira nashir. Shi wannan yakan karanta rubutun ya zaɓa, ya sa a gyara, ya zuba jarinsa, ya kai littafin kasuwanni da makarantu, sa'an nan ya riƙa ba mawallafi wani kaso daga kowane kwafi da aka sayar, galibi ushiri ko abin da ya yi kusa da haka. Matsayinsa kamar na fatoma ne ga baƙon falke, wanda ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi rikici.

Ƙasar Hausa ta ga irin wannan aiki sosai a Zariya. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ya sa gasar rubuta labarai, ya karanta abin da aka aiko, aka gyara, aka buga littattafai biyar waɗanda har yau ake karantawa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a 1945. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki cikin shekarun 1950 har zuwa 1959, ta buga littattafan boko da na ajami, ta kuma fitar da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da Gwandu da Argungu. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC ya ci gaba da aikin.

Da tattalin arzikin ƙasa ya karye cikin shekarun 1980, darajar naira ta faɗi tun daga 1986, takarda ta yi tsada, sai manyan kamfanoni suka janye jiki, suka fi karkata ga littattafan da makarantu ke saye. Marubuta suka ga ba sarki sai Allah, suka shiga buga wa kansu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a 1984, Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da wasu da yawa suka biyo baya, har aka sa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano. An sami littattafai birjik, an kuma sami masu karatu, musamman mata. Amma a cikin wannan yanayi ne wani irin mutum ya samu gindin zama: wanda zai karɓi kuɗinka kamar mai inji, ya kuma riƙe littafinka kamar nashir. Ka biya kuɗin ɗinki, sa'an nan rigar ta zama tasa. Mafi yawan da-na-sani daga hannun irin wannan take fitowa.

Mu ƙaddara wani malami a Gesse ya share shekara biyar yana tsara littafi a kan hukuncin gado, Hausa cikin ajami da nassoshinsa na Larabci. Wani abokinsa ya ce ya san mai bugu a wani gari mai nisa, hannunsa da sauƙi. Malam ya ɗauki asalin rubutun, shi kaɗai ke gare shi, ya ba direban mota, ya tura kafin alƙalami ta waya. Ba takarda, ba shaida, sai fatan alheri. To, wannan malami ya buɗe wa kansa ƙofa huɗu, ko wacce kuwa akwai wanda ya riga shi faɗawa cikinta.

ƘOFA TA FARKO: A KARƁA A DANNE

Wata ya wuce, shekara ta zagayo, kullum amsa ɗaya ce: takarda ta hau, inji ya lalace, ba wuta, a ƙara haƙuri. Malam ba shi da ikon kai littafin wani wuri, domin asali yana can, kuɗi ma yana can.

Wannan ciwo ba na ƙasarmu kaɗai ba ne. A Ingila, a 1803, wata budurwa mai suna Jane Austen, wadda a lokacin ba a taɓa buga mata kome ba, ta sayar wa kamfanin Crosby na Landan labarinta a kan fam 10. Suka karɓa suka ajiye. Bayan shekara shida, a 1809, ta rubuta musu takarda tana tambaya. Suka amsa mata da cewa ba a yanka wani lokaci na bugu ba, in kuma ta kai wa wani ya buga za su kai ƙara, amma in tana so ta maido fam 10 ta karɓi abinta. Ba ta sami halin fansarsa ba sai a 1816, littafin kuwa bai fito ba sai a ƙarshen 1817, da sunan Northanger Abbey, bayan ta rasu da 'yan watanni. Duk wannan hasara, tushenta kalma ɗaya ce da aka bari ba a rubuta ba, watau wa'adi.

A Nijeriya ma, Chinua Achebe ya aika da asalin Things Fall Apart, na rubutun hannu, zuwa wani kamfanin buga tafireta a Landan a 1957, tare da kuɗin aiki, alhali ba shi da wani kwafi. Suka yi shiru watanni. Sai da shugabarsa a gidan rediyo, Angela Beattie, ta je Landan ta tsaya a kansu, kāna suka yi aikin, Heinemann ta buga littafin a 1958. Da babu wannan mata, da littafin da ya fi kowane littafin labari na Afirka shahara ya ruɓe a lungun wani ofis.

ƘOFA TA BIYU: A BUGA DA KUSKURE

Mu ce an buga, kwalaye sun iso tasha, malam ya buɗe hannu na rawa. Nan ne wani baƙin cikin ke jiransa, wanda duk mai karanta wannan shafi zai gane. A rubutunmu na gado, irin na Magariba, fa ɗigonta guda ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo guda a bisa. A rubutun Gabas, na Misra da Bairut, wanda shi ne ke cikin mafi yawan kwamfutoci, mai ɗigo guda a bisa ita ce fa, ƙaf kuwa ɗigo biyu gare ta. In ajaminka ya faɗa hannun yaron shago wanda rubutun Gabas kaɗai ya sani, ya ga ƙaf ɗinka sai ya ɗauka fa ce. Ka rubuta ƙasa ya buga fasa, ka rubuta ƙura ya buga fura, ka ce a ƙara ya ce a fara. Haka nan ɗigon imala, in ya mai da shi wasali ƙasa, gane ya koma gani, bare ya koma bari. A littafin hira abin dariya ne. A littafin gado, inda harafi ɗaya ke raba sudusi da sulusi, alhakin marayu ne. Kuskuren mai kwafin hannu guda ne, na inji kuwa in an buga dubu ya zama dubu, kowane kuma da sunan malam a kansa.

Saboda gudun haka ne attajiran Kano masu cinikin littattafai, tun daga shekarun 1950 da 1960, suka fi son su sa gwanin rubutu ya rubuta littafi da hannunsa, a ɗauki hoton shafuffukan a buga yadda suke, a rubuta a bango cewa an buga bisa nafaƙar Alhaji wane. Dabara ce ta masu hankali, har yau kuwa tana da amfani ga mai ajami.

Turawa ma sun ɗanɗana wannan. A 1847 'yan'uwa mata uku na gidan Bronte suka nemi masu bugu. Emily da Anne suka faɗa hannun Thomas Newby, wanda ya sa suka biya fam 50 tukuna, ya yi ta jan ƙafa, da ya tashi bugawa kuma ya bar kurakuran da aka riga aka gyara masa a bugun gwaji. Yayarsu Charlotte ta dace da kamfanin Smith Elder, suka fitar mata da Jane Eyre cikin wata biyu. Gida ɗaya, shekara ɗaya, bambancin kawai hannun da aka miƙa wa littafi. Emily ta rasu a 1848, Anne a 1849, ba wadda ta ga gyararren bugun littafinta na fari.

ƘOFA TA UKU: A SAYI GONA DA KUƊIN DAMI

Wani lokaci littafi yakan fito lafiya, ya kuma karɓu. Sai mawallafi ya ga bugu na biyu da na uku a kasuwa, ya je neman rabonsa, a ce masa ai ka sayar. A kasuwar littattafai ta Kano an daɗe ana wannan ciniki: marubuci mai bukata ya kai labarinsa wurin mai shago, a ba shi kuɗi sau ɗaya, shi ke nan ya rabu da shi. In littafin ya mutu, mai shago ya yi hasara. In ya rayu shekara ashirin, marubuci ɗan kallo ne. Ko kuma a yi alkawarin kwafi dubu, amma tun da farantan bugu suna hannun mai inji, ya ƙara wasu da dare ya sayar ta bayan gida. A yau kuma an sami sabon salo, a kwashe labarin mutum a watsa ta WhatsApp, ko a karanta shi a YouTube ana samun kuɗi, ba a ko sallama wa mai shi ba.

Arthur Conan Doyle, mai labaran Sherlock Holmes, ya sayar da na farkonsu ga kamfanin Ward Lock a 1886 a kan fam 25. Ya roƙi a sa masa kaso suka ƙi, bai kuwa sake ganin ko sisi daga wannan littafi ba. Mawallafi sabo bai san abin da ke hannunsa ba, ba ya kuma iya sanin inda littafi zai kai. Wa zai ce Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990, za a fassara shi da Turanci a buga a ƙasar Indiya a 2012? Ranar da irin wannan dama ta zo, wanda haƙƙin mallaka ke hannunsa shi ake nema, shi ke sa hannu.

ƘOFA TA HUƊU: LITTAFI YA YI NISA DA MUTANENSA

Wannan ƙofa ta fi sauran ɓoyuwa, misalinta kuwa na ɗan gida ne. Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda ake kira Alhaji Umaru Salaga, an haife shi a Kano wajen 1858, amma asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a littattafansa ake rubuta masa Alkabawi. Ɗan fatake ne, ya bi hanyar goro ta Gwanja tare da mahaifinsa, yana ciniki yana karatu. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Ya zauna Salaga, da yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin sai daga baya ya koma Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, cikin ƙasar Gana ta yau, ya zama limami, a can ya rasu a 1934.

A Kete-Karaci ya haɗu da wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, mai son koyon Hausa. Alhaji Umaru ya rubuta masa takardu masu yawa da ajami a kan ƙasar Hausa: noma, da sana'o'i, da fatauci, da tarihin garuruwa, har da tarihin Kabi. Takardun nan suka tafi Jamus. Wani sashe nasu ya fito a Barlin a 1942, ana tsakiyar yaƙin Hitila, shekara 8 bayan rasuwar mai su, cikin littafin da sunan Mischlich ke bangonsa. Tarihin Kabi kuwa wani masani, Heinz Sölken, ya buga shi cikin wata mujallar Jamusanci a 1959 da 1963. Sai a 1973 Douglas Ferguson ya fassara takardun da Turanci a wata jami'a ta Amurka da sunan Liman Umaru a gaba, a shekara ta 2000 kuma Stanislaw Pilaszewicz, mutumin Folan, ya fitar da wani kundi na rubutunsa na ajami.

Adalci shi ne a ce Jamusawan nan sun adana takardun, da ba don su ba wataƙila da gara ta cinye. Amma a duba abin da ya faru. Waƙoƙin Alhaji Umaru, irin su ta Talauci da Wadata, waɗanda ya bar wa almajiransa, sun bazu a zangunan Hausawa na Gana da sunansa. Tarihin Kabi kuwa, wanda Bakabe ya rubuta da Hausa, sai ga shi a ɗakunan karatu na Turai cikin harshen da mutumin Argungu ba ya ji. Mai bugu yana iya zama mai gaskiya, ya kasance duk da haka ba shi ne ya dace da kai ba, in ba shi da hanyar kai littafinka ga waɗanda ka rubuta domin su. Mai littafin gado a Gesse, in kwalayensa suka tsaya a wani sito a Ikko ba su iso kasuwar Jega da ta Birnin Kebbi ba, kamar ba a buga ba ne.

ABIN DA SHARI'A DA DOKA SUKA TANADA

Da yawa cikin malamai suna jin nauyin maganar kuɗi a kan ilimi, su ce domin Allah suka yi. Niyya ce mai kyau. Amma wanda ya ƙi rubuta sharaɗi bai mai da littafinsa sadaka ba, ya dai bar shi ga wanda ya fi shi wayo. In sadaka kake nufi, sai ka rubuta cewa ka yarda kowa ya buga, bisa sharaɗin kada a canza harafi, kada a cire suna. Ka ga sadakar ta zama taka ke nan, da hannunka ka bayar.

Almajiri ya san aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ya kuma karanta a Risala da Muhtasar cewa jahiltar farashi ko adadi ko ajali yana ɓata ciniki. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da Shari'a ta kiyaye, mai shi yana da ikon sarrafa shi, ba ya halatta a ƙetare masa iyaka.

Dokar ƙasa ma haka. Bisa ga dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu cikin Maris 2023, littafi na mawallafinsa ne tun daga ranar da ya rubuta shi, ba sai ya yi rajista ba, haƙƙin kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, watau gado ne ga 'ya'ya da jikoki. Sayar da wannan haƙƙi, ko keɓe wa mutum ɗaya izinin bugu, ba ya tabbata sai a rubuce. Mawallafi yana da ikon a ambaci sunansa, da ikon hana a jirkita masa magana. Akwai Hukumar Kiyaye Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya inda ake kai kuka. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa shi ke ba da lambar littafi ta duniya, ISBN, kuma doka ta ɗora wa mai fitar da littafi ya ajiye kwafi uku a can. Amma alƙali da hujja yake aiki. Wanda ya zo hannu rabbana, ba takarda ba shaida, ko yana da gaskiya zai sha wuya.

KAFIN A MIƘA

Falke ba ya sauka gidan fatoman da bai tambayi labarinsa ba tun daga zangon baya. Haka ya kamata mawallafi ya yi. Ya nemi littattafai biyu ko uku da mutumin ya taɓa bugawa, ya duba takarda da ɗinki da kurakurai, sa'an nan ya nemi masu littattafan ya tambaye su a keɓe ko an cika musu alkawari. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, tsofaffin hannu a cikinta sun san wane ne wane.

Kada asali ya bar gida. A ɗauki hotonsa, a aika da hoton. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, a bayyana a cikinta wane irin ciniki ne: ijara ce, ko tarayya, ko sayarwa. In kai ka biya kuɗin bugu, littattafan duka naka ne, da haƙƙin, da farantan, da abin da aka shigar a kwamfuta. In shi ya zuba jari, a faɗi kasonka, da lokacin da za a riƙa yin lissafi, da yawan shekarun da izininsa zai yi. A rubuta adadin kwafi, da irin takarda, da ranar fitowa, da cewa in ranar ta wuce da wata kaza littafi ya koma hannun mai shi. Kada a biya kuɗi duka a gaba. Kada inji ya juya sai ka ga bugun gwaji da idonka, ka yi muƙabala da wani almajiri kamar yadda magabata suke yi, ka sa hannu a kowane shafi. Kuma ka tambaye shi tun da wuri: a waɗanne kasuwanni za a ga littafin, wa zai kai shi?

In mutum ya ji waɗannan sharuɗɗa ya ɓata rai, ya ce ashe ba ka yarda da shi ba, to, ya riga ya ba ka amsa. Mai gaskiya ba ya tsoron takarda, domin shi ma kariya ce gare shi. Ga attajirai kuwa, ƙofar alheri ce a buɗe: ɗaukar nauyin bugun littafin malamin garinku, bisa sharaɗi rubutacce, ciniki ne da kakanninku na Kano suka yi suka ci riba, sunansu kuma yana nan a bangon littattafai.

Wanda ya yi haƙurin shekara biyar yana rubutu, bai kamata haƙurin wata guda na bincike ya gagare shi ba. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Allah Ya haɗa kowane mawallafi da amintacce, Ya sa albarka cikin alƙalumanmu da kasuwancinmu. Haza wasalam.